Baba Gide da Ramukan Gonar Safara'u

A ƙauyukan da ke tsakanin Ƙanƙara da Faskari har zuwa Sabuwa, idan wani abu ya faru aka kasa gane kansa, mutum biyu ake kira. A kira malami ya yi addu'a, sannan a aika wa Baba Gide. Shi ba ya tofi, ba ya ba da rubutu. Abin da yake zuwa da shi sandar ƙarfe ce mai tsini, wadda tsawonta ya kai kafaɗarsa, da tambaya guda ɗaya: "Mi ke wurin nan da?"

Katanga ɗaya ta raba gidansa da namu a Tudun Baure, ƙauyenmu da ke gefen hanyar Sheme. Na bar gida na yi kusan shekara ashirin a waje, karatu da aiki, na dawo da furfura a gemu, na tarar da shi yadda na bar shi, sai dai gwiwa ta fara ba shi wahala. Tun da na dawo nake zama wurinsa da hantsi, in an kira shi wani wuri kuma in bi shi. Yana ce mini Bature, ba don yabo ba.

Asalin sana'arsa haƙar rijiya. Tun yana ɗan shekara goma sha biyar kawunsa ya zura shi rami da igiya, ya yi shekara talatin yana shiga cikin ƙasa yana fitowa. A nan ya koyi jin muryar ƙasa: yadda sanda ke amsawa a kan marmara, yadda take amsawa a kan yashi, da yadda take yin wani irin kwam idan akwai kogo a ƙasa. Mai haƙar rijiya kuma yakan yi sati uku ko huɗu a ƙauyen mutane. Shi idan ya fito ya wanke jiki, ba wurin samari yake zuwa ba, wurin tsofaffi yake zama, musamman tsofaffin mata. Daga bakinsu ya san inda tsohuwar kasuwa ta ci kafin a tashe ta, inda aka binne mutanen shekarar sanƙarau, inda ganuwa ta bi. Bai taɓa rubuta komai ba, kuma ban taɓa jin ya rikita sunan kufai ɗaya da wani ba.

Aljanu kuwa ya yarda da su sarai. "Suna nan, Bature, Allah ya hwaɗa. Amma ba kowane rami ne nasu ba. Mutane na ɗora masu laifin kakanninsu."

A Ƙanƙara an taɓa kiransa wani gida da daɓen ɗaki ke tsattsafo da jan ruwa duk damina, har matar gidan ta yi yaji ta ce jini ne. Ya yini yana bin tsofaffin unguwar, har wata makauniya ta gaya masa maƙera sun taɓa narka tama a wurin. Aka haƙa kamu biyu aka tarar da tulin kashin ƙarfe ya yi tsatsa. Matar ta dawo. A dajin Sabuwa kuma, kafin hanyar ta gagari mutane, akwai wata 'yar kwana da jakuna ke tirjewa. Kwana uku yana zuwa yana bugun ƙasa. A na huɗu ya ce wa mutanen, "Ban sani ba. Ku canza hanya." Wannan kalma ta "ban sani ba" ita ta sa ake yarda da shi in ya ce ya sani.

Amma akwai mutum ɗaya a duniya da Baba Gide ba zai iya cewa "ban sani ba" a gabansa ba, shi ne Alhaji Rabo mai goro.

Tare suka taso, tare aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwon awaki. Abin da ya shiga tsakaninsu ya faru ne shekara arba'in da wani abu da suka wuce. Wani ma'aikacin gidan rediyo ya zo yankin yana ɗaukar tarihin ƙauyuka. Ranar da ya iso Tudun Baure, Baba Gide yana cikin rijiya a Daudawa. Aka rasa wanda za a zaunar, sai aka kawo Rabo. Rabo ya zauna ya zayyana tarihin garin, rabinsa abin da ya ji ne daga bakin Gide a wurin hira, kuma bai ambaci sunansa ba. Da aka sa shirin, mai gabatarwa ya kira shi "masanin tarihin ƙasar nan". Aka maimaita shirin ranar Juma'a. Baba Gide ya saurari duka biyun.

Ba su yi faɗa ba. Suna gaisawa a masallaci, suna zuwa jana'izar dangin juna. Sai dai duk abin da Rabo ya samu tun daga lokacin, Baba Gide na da lissafinsa a kai: shekarar da ya je Makka, shekarar da ya yi rufin kwano, ranar da hakimi ya tsayar da mota ya gaishe shi a rumfarsa.

"Kujerar Makkan ma ɗansa ya biya," in ji shi wata rana, ba wanda ya tambaye shi.

Matarsa, Inna Baraka, tana tankaɗe a tsakar gida. Ba ta ɗago ba ta ce, "To kai ma ka haifi irin ɗan mana. Ni dai na ga masu kishi iri-iri, amma mai kishi da akwatin rediyo shekara arba'in, sai a gidan nan."

"Ki yi tankaɗenki."

"Ai ina yi. Kai ma kana naka."

Daminar bara ce Safara'u ta shigo labarin. Daga wani ƙauyen Sabuwa ta taso da 'ya'ya huɗu, bayan ɓarayin daji sun kashe mijinta a gona. Tana da ƙanwar uwa a garinmu, ita ta ba ta ɗaki. Mai'unguwa Zailani ya ba ta aron wani fili yamma da gari, kusa da rafi, wanda ba wanda ya tuna an taɓa nomawa. Ita da 'ya'yanta suka sassabe shi da rani, suka ƙone, suka kwaso taki a kai daga bola. Abin da za su ci shekara mai zuwa duk a wannan fili yake.

Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙa, Kamilu mai shanun huɗa ya shiga da garma. Ya yi kunya shida lafiya. Da ya kai tsakiyar gonar, bijiman suka tsaya cik. Ya yi tsawa, ya sa bulala, suka ja da baya suna huci, ɗaya ma ya durƙusa. Ya zagaya ta wani gefen, suka sake tirjewa a daidai wannan layin. Kamilu ya kwance shanunsa ya ce ko nawa za a ba shi ba zai koma ba. Kafin la'asar labari ya cika gari: gonar baƙuwa ta masu abu ce, wato aljanu. Wata ta ce ta taɓa jin daka a wurin da rana tsaka. Wani ya ce akuyarsa a nan ta ɓace.

Washegari da safe Baba Gide ya ɗauki sandarsa. Rabin gari ya biyo shi, har da Mai'unguwa da liman. Ya fara daga inda kofaton shanun ya tsaya, yana buga sandar yana karkata kai. Kwam. Ya kafa tsinke. Ya matsa, ya buga, ya kafa wani. Cikin awa ɗaya tsakiyar gonar ta cika da tsinkaye. Akwai kogo a ƙasa, ba ɗaya ba, da yawa. Shanu sun ji ƙasar ba ta da ciki, shi ya sa suka ƙi taka ta.

Saura tambayarsa ta kullum, mi ke wurin da. Na ga yana juya ta a ransa, na kuma ga ba shi da amsa. Duk yawonsa na ƙasar mutane, wannan gefen rafin na garinsu ba wanda ya taɓa ba shi labarinsa. Da a Sabuwa ne da ya ce a ba shi kwana biyu ya tambaya.

Sai Alhaji Rabo, da ke tsaye bayan liman da carbi a hannu, ya yi gyaran murya, ya ɗan matso gaba kamar mai shirin magana.

Baba Gide bai bari ya buɗe baki ba. "Kaburbura ne," ya ce da ƙarfi. "Tsohuwar maƙabarta ce. Ba aljanu ba ne, bayin Allah ne kwance."

Mutane suka ɗauki salati. Alhaji Rabo ya ce a hankali, "Malam Gide, ka tabbata kuwa?"

"In kana da taka, ka bari 'yan rediyo su zo."

Aka yi dariya, Alhaji Rabo ya koma baya.

Na tabbata a lokacin Baba Gide ya ɗauka ya yi wa Safara'u alheri, tunda ya kore maganar aljanu. Bai lissafa abin da zai biyo baya ba. Da ya ce aljanu ne, da an yi sauka, an yi sadaka, wani mai ƙarfin hali ya shiga da shanu. Amma ba Musulmin da zai sa garma a kan kabari. Liman ya ce a bar wurin. Mai'unguwa ya ce a kewaye shi da ƙaya, kada a sake sa ko fartanya. Da aka tambaye shi wani filin, ya buɗe hannu: duk wanda ke kusa da gari an raba wa 'yan gudun hijira, na nesa kuwa ba mai iya zuwa.

Kwana biyu aka yi ruwa mai kyau. Maƙwabtan gonar suka gama shuka. A rana ta uku da hantsi muna zaune a zauren Baba Gide, sai ga Safara'u. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe shi, ta gaishe ni, ba ta tashi ba.

"Baba, an ce kai ka ce matattu ne a gonata."

"Haka ƙasa ta nuna, ɗiyata."

"To su sun huta, Allah shi ji ƙansu. Mu hwa? Irin masarar da na taho da shi a ƙugu tun daga garinmu yana nan cikin tukunya. In dafa ma yara su ci yau, ko in jira?"

Ta gyara durƙusonta ta ci gaba.

"Ni ban zo rigima ba. Kakannin wa ne? A gaya mani sunansu, in san wanda na bar ma gonar."

Ta jira kaɗan, ta yi sallama ta tafi. Daga cikin gida muka ji muryar Inna Baraka: "Tambaya ta yi maka, Malam. Kakannin wa ne?"

Ya ɗauki hularsa, bai ɗauki sandar ba. Na bi shi har gonar. Muka tsaya a bayan ƙayar da aka kewaye wurin da ita. Tsinkayen da ya kafa suna nan, kuma daga nesa, ba hayaniyar mutane, abin a fili yake. Kabari dogo ne, kai kudu, ƙafa arewa, a jere. Waɗannan kuwa zagaye suke kamar bakin rijiya, kowanne faɗinsa bai fi gaba ɗaya ba, sun taru wuri guda kusa da juna.

"Bature, ka taɓa ganin kabari mai zagaye a can ƙasar taku?"

"Ban taɓa ba, Baba."

Ya sake duban tsinkayen. Sannan ya ce tun ranar farko, da ya zaro sandar, ya ga wani farin gari-gari mai tauri a tsininta, ya goge da yatsa bai gaya wa kowa ba. Laso ne, simintin mutanen da, wanda ake shafe ramin rini da shi don ya riƙe ruwa. Wurin marina ce. Kuma duk Tudun Baure gida ɗaya ne aka sani da gadon rini, ko da yake sun bar shi tun kafin a haife mu: gidan su Alhaji Rabo.

Muka je wurin liman. Ya saurara, ya ce ya ji, amma wurin da aka riga aka kira maƙabarta a gaban jama'a ba a haƙa shi don gwaji. In aka sa diga aka ci karo da ƙashi, wa zai ɗauki alhakin? Sai wanda ya gaji wurin ya zo ya yi shaida a gaban mutanen da suka ji maganar farko, shi kuma wanda ya faɗa ya janye da bakinsa.

Kwana biyu Baba Gide ya ƙara yana neman wata hanya. Ya je Sheme wurin wata tsohuwa da aka ce uwarta 'yar garinmu ce, ya tarar ta rikice, ba ta gane ko jikokinta. Ya tambayi wanzamin gari, ya ce shi bai sani ba, a tambayi Alhaji Rabo. Duk inda ya bi, nan ake maido shi. Ruwa kuma bai jira ba.

Rumfar Alhaji Rabo tana bakin titi. Muka same shi yana yayyafa wa goro ruwa. Gaisuwar ta yi tsawo fiye da kima: gida, iyali, gwiwa, damina, labarin daji. Sai da gaisuwa ta ƙare ƙaf sannan Baba Gide ya ce, yana kallon titi, "Marinar gidanku, ina take?"

"Au, maƙabartar?"

"Alhaji, ban zo wasa ba."

"Yo ni ma ranar nan ba wasa na zo ba, ka aika ni rediyo." Ya miƙa masa goro fari. "Ci wanga, na Shagamu ne. Kakata Dada ta ce ramuka sha ɗaya ne, yamma da tsohon bauren gari, gab da rafi. Tana yarinya takan kai ma ubanta fura can. Shekarar da aka yi babbar ambaliya yashi ya rufe su, lokacin ma yadin kanti ya riga ya kashe sana'ar, ba wanda ya tone."

"Ka san haka ka yi shiru kwana biyar? Yarinyar nan na zaune da iri a tukunya?"

"In ce mi? Kai ne Gide mai sanda. In ka ce kabari, ni mai goro in ce ƙarya ne, wa za a bi? Ni ji na yi wurin tsohuwa, ban gani ba. Ina ta jira ka zo."

"Da can ma ai ji ka yi, amma ka zauna ka cika ma duniya kunne."

Alhaji Rabo ya dube shi da mamaki na gaske. "Wai har yanzu maganar nan? Wallahi ni ko shirin ban ji ba. Batirinmu ya mutu satin, sai labari aka ba ni."

Na dubi Baba Gide. Ina jin da zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi. Ya sa goron a aljihu bai ci ba, ya ce, "Gobe bayan sallar asuba, a gonar. Ka zo da wuri."

Mutanen da suka taru sun fi na farko. Baba Gide ya tsaya gaban Mai'unguwa ya ce, "Na ce kaburbura ne. Ban sani ba na hwaɗa. Ga mai wurin nan, ku ji daga gare shi." Iyakar abin da ya ce ke nan, ya koma gefe. Alhaji Rabo kuwa ya gyara babbar riga ya yi bayani mai daɗi, da sunan kakan kakansa, da yadda fatake ke kawo saƙi daga Zariya, da yadda hannun masu rini ke zama baƙi har su mutu. Ya iya magana, wannan ko Baba Gide bai taɓa musantawa ba. Liman ya ba da izini. Aka sa diga a ramin farko. Kamu uku aka ci karo da bakin laso, santsi kamar tukunya, a ƙarƙashinsa kogo, a can ƙasa laka mai duhun shuni. Wani ya ɗebo a tafin hannu ya ɗaga sama, aka yi kabbara.

Aka tone sha ɗaya, mutane suka fara ajiye kayan aiki. Baba Gide ya dubi tsinkayensa ya ce saura uku. Ba wanda ya kula, duk an kewaye Alhaji Rabo ana tambayarsa. Sai ya karɓi diga daga hannun wani, da gwiwar tasa, ya fara sara shi kaɗai a gefen rafi, har Kamilu ya ji kunya ya karɓa. Uku ne kuwa.

Kwana biyu aka yi ana gayya, ana cika ramukan da duwatsu da ƙasa ana daddaɓewa. Kamilu ya dawo da shanunsa. Sun yi ɗan jim a tsakiyar gonar, suka shinshina, suka wuce. Safara'u na biye da su da ƙwaryar iri, ita da manyan 'ya'yanta biyu. Kwana tara ta rasa tun ranar da shanun suka fara tirjewa. Ta shuka masara a rabin da ya fi danshi, ta bar rabin ga wake.

Kafin wata ya ƙare wurin ya sami suna, Marinar Alhaji Rabo. Wani malamin makarantar firamare ya kai ɗalibai suka zauna a rumfar goro aka ba su tarihi. Baba Gide ya ji, ya ce tarihin da aka ba yaran rabi ne. Inna Baraka ta ce to ya buɗe tasa rumfar.

A watan takwas ya ce in raka shi gonar. Masarar Safara'u ta yi kore shar, takin da ta kwaso bai tafi a banza ba, amma ta maƙwabta ta riga ta fitar da bunu, tata ba ta kai ba. Ya shiga tsakanin gonakin biyu ya gwada tsawonsu da hannunsa, daga gwiwar hannu zuwa yatsa.

"Kamu ɗaya da rabi," ya ce. "Wanga ni na ci mata shi."

Safara'u na can ƙarshen kunya tana cire ciyawa. Ta ɗago ta gaishe mu. Ya tambaye ta ko tana ganin ruwa zai kai ta. Ta ce in ya kai ƙarshen watan tara za ta samu, in ya ɗauke da wuri sai waken. Ya ce Allah shi kai shi, ta ce amin, ta sunkuya ta ci gaba da aikinta.

Mun kama hanyar gida yana ɗingishi har muka wuce bauren. Sannan ya tsaya.

"Bature, abin nan da kake rubutawa. Ka sa na yi kuskure, ban hana ka ba. Amma ramuka sha huɗu ne. Shi sha ɗaya ya sani."